EliteBook 840 G3: direbobi sun ɓace bayan fomat, kuma ina son sa mata SSD

Sani_Gwale:

Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar HP EliteBook 840 G3 ta hannu, Core i5, RAM 8GB, faifan ajiya HDD 500GB. An yi mata fomat an ɗora Windows 10, amma Wi-Fi ba ya fitowa ko kaɗan. A Device Manager, ƙarƙashin Other devices, akwai abu biyar masu alamar ruwan ɗorawa: Network Controller, SM Bus Controller, PCI Simple Communications Controller, PCI Serial Port, da wani Unknown device. Kowanne yana nuna Code 28, wato ba shi da direba (manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da na'urar). An ce in sauke irin manhajar nan da ke cika direbobi gaba ɗaya a lokaci guda, shin hakan daidai ne? Na biyu, tana da nauyi sosai, Task Manager kullum yana nuna faifan a 100%. Wane irin SSD (faifan ajiya mai sauri) take ɗauka, kuma dole ne in cire tsohon faifan?

Injiniya_Bashir:

Wa alaikumus salam Malam Sani. Ka fara da SSD, direbobi su biyo baya. In ka cika direbobi yau, gobe ka ɗora sabon Windows a kan SSD, aikin zai dawo sabo.

840 G3 tana da gurbi biyu: na faifai mai inci 2.5, inda HDD ɗinka yake yanzu, da ramin M.2 mai girman 2280, wato faɗin milimita 22, tsawon milimita 80. Saboda haka ba sai ka rabu da tsohon faifan ba. Windows ya zauna a kan M.2, HDD ya zama wurin ajiyar bidiyo da takardu. Ramin yana karɓar SSD iri biyu, M.2 SATA da kuma NVMe. Ana gane su daga bakin da ke shiga ramin: na SATA galibi yanka biyu gare shi, na NVMe galibi yanka ɗaya. Kada ka sayi gajere mai 2242, ba zai kai wurin ɗaurin sukuru ba.

HDD irin naka da ƙyar yake wuce 100MB a daƙiƙa, SSD na SATA yana kai wajen 550MB, NVMe ya fi haka nesa. Amma a aikin yau da kullum, kamar kunna kwamfuta da buɗe Chrome ko Word, tazarar SATA da NVMe ba ta taka kara ta karya ba. Babban tsallen shi ne barin HDD. In farashinsu ya yi kusa, ɗauki NVMe. 256GB ya ishi Windows da manhajoji tunda kana da faifai na biyu. Zai nuna maka 238GB, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne.

Wajen sawa: kashe ta gaba ɗaya, zare caja, kwance sukurorin murfin ƙasa, ka cire batir kafin ka taɓa komai. Tura SSD ɗin a karkace har haƙoransa na zinare su ɓace, ka kwantar da shi, ka ɗaure da sukuru M2x3. Sau da yawa wannan ɗan sukurun ba ya zuwa da SSD, ka nemi mai shago ya ba ka tun a wurin saye. In aka bar shi ba ɗauri, yana ɗagowa a hankali, wata rana kwamfutar ta ce ba ta ga faifai ba.

Abu mafi muhimmanci: cire HDD ɗin kafin ka ɗora Windows, ka mayar da shi bayan an gama. In yana ciki, Windows na iya ajiye fayilolin tashi a kansa, ranar da ya mutu ko ka goge shi, SSD ɗin ya ƙi tashi.

Maryam_IT:

Bari in ɗauki ɓangaren direbobi. Malam Sani, ka rabu da manhajar nan mai cika komai. Tana zaɓar direba ne da kintace, wani lokaci ta ɗora na wani samfurin, ga tarkacen manhajojin talla da take shigowa da su. Daga nan ake samun shuɗin allo da faifan taɓawa da ya daina aiki.

Kowace na'ura a cikin kwamfuta tana da lambarta. Danna dama a kan mai alamar, shiga Properties, sai Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga rubutu irin PCI\VEN_8086&DEV_24F3. VEN lambar kamfani ce: 8086 Intel, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 168C Atheros. DEV kuma ita ce na'urar kanta, 24F3 shi ne katin Wi-Fi na Intel 8260. Ka duba naka da idonka, domin kwamfutocin hannu ana yawan canza musu kati, biyu masu suna ɗaya suna iya ɗauke da kati daban.

Sauran kuwa sanannu ne. SM Bus Controller direban chipset na Intel yake nema. PCI Simple Communications Controller na Intel Management Engine ne, kuma PCI Serial Port yawanci yana tafiya tare da shi a kunshi ɗaya. Duk suna shafin tallafi na HP, ka sa lambar siriyal da ke ƙasan kwamfutar. Fara da chipset, ka sake kunnawa, sai Management Engine, sai na hoto, sai Wi-Fi da sauti.

Don samun intanet kafin Wi-Fi ya tashi, jona wayarka ta Android da kebul, ka kunna USB tethering, ko ka sa wayar Ethernet. Daga nan Windows Update, View optional updates, Driver updates. Shi kaɗai yana share mafi yawan alamomin.

Wani abu da ya kamata a lura: Windows 10 na asali yana zuwa da direban Intel 8260 a cikinsa. In katinka shi ne kuma bai tashi ba, akwai alamar Windows ɗin da aka ɗora maka irin wanda aka yi wa aski ne don ya yi sauƙi. Ka haɗa naka da Media Creation Tool na Microsoft a filasha mai 8GB.

Kabiru_Zariya:

Na yarda da su, kuma a halinka ban ga amfanin kwafe tsohon faifan zuwa sabo ba. Kwafi da Clonezilla ko Macrium Reflect yana da kyau ga wanda Windows ɗinsa ke lafiya. Naka matsalarsa za ka kwashe ka kai sabon wuri.

Kafin ɗorawa, danna F10 lokacin kunnawa ka tabbatar BIOS (saitin tashin kwamfuta) yana kan sabon tsari UEFI, ba tsohon tsari Legacy ba, domin galibi NVMe ba ya tashi da tsohon tsarin. F9 ne ke ba ka zaɓin tashi daga filasha. Lasisin Windows kuwa yana ɗaure da allon uwa (motherboard), canza faifai ba ya taɓa shi, muddin ka ɗora irin wanda take da shi, Pro ko Home.

Ka gwada SSD ɗin tun da wuri. CrystalDiskInfo zai nuna awannin da ya yi yana aiki, in an ce sabo ne ka ga awa dubbai, mayar da shi. H2testw kuma yana cika shi da bayanai ya karanta, nan ake kama wanda aka rubuta wa 512GB alhali cikinsa bai kai ba. Sannan ka sani Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, kuma firosesa na ƙarni na 6 irin naka ba ya cikin jerin da Windows 11 ya amince da su.

Sani_Gwale:

Allah ya saka da alheri. Na duba, katin 24F3 ne kamar yadda Malama Maryam ta ce. Shi kuma Unknown device yana nuna ACPI\HPQ6007. Mene ne shi?

Maryam_IT:

HP 3D DriveGuard ke nan. Na'ura ce mai jin motsi, in kwamfutar ta suɓuce tana janye allurar HDD daga kan faifan kafin ta kai ƙasa. Tunda za ka bar HDD a ciki, ka sa shi. In ka ga HPQ6001, na maɓallin Wi-Fi ne.

Bayan komai ya zauna, buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, ka ƙirƙiri folda mai suna direbobi a faifai na biyu, ka rubuta pnputil /export-driver * D:\direbobi. Zai kwafe maka duk direbobin da ka sa a cikin foldar, nan gaba sai dai ka nuna wa Device Manager foldar ta Browse my computer. In kuma shafin HP ya ba ka sabon BIOS, kada ka ɗora sai batir ya cika kuma caja na jone, domin in wuta ta ɗauke ta mutu a tsakiyar aikin, kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.