Neman kalma: me za mu kira "rapid pacing" da Hausa?

1/ 'Yan'uwa ma'aikatan asibiti da masu fassara, ina neman shawararku kan "rapid pacing", abin da ake yi wa zuciya yayin buɗe bawul ɗinta da balan-balan.

2/ Ga yadda aikin yake. Akwai bawul a bakin babbar jijiyar da ke kwasar jini daga zuciya zuwa jiki. Da tsufa yakan ƙandare ya tsuke, mutum ya riƙa haki, ko ciwon ƙirji, ko suma. Sai likita ya zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har bawul ɗin, ya hura balan-balan ya buɗa shi. Wani likitan zuciya, Alain Cribier, ne ya fara yi wa manya a Rouen ta Faransa, a 1985.

3/ To amma zuciya ba ta tsayawa jiran kowa. Duk bugu sai ta tunkuɗo balan-balan ɗin ya sulluɓe. Shi ya sa ake zura wata waya cikin zuciyar, na'ura ta kai bugun 180 zuwa 220 a minti. A wannan gudun ba ta samun cika balle ta tura jini sosai, awon jini ya faɗi, balan-balan ya zauna daram. A hura, a sace iskar, a kashe na'ura, duka cikin 'yan daƙiƙoƙi.

4/ An kawo "saurin bugun zuciya". Ban goyi baya ba, domin duk ɗan'uwan majinyaci da ya ji haka zai ɗauka wata cuta ce ta ƙaru. "Zaburar da zuciya" ta fi kusa, sai dai zabura sau ɗaya ce, kuma za a iya rikita ta da jona lantarki a ƙirjin wanda zuciyarsa ta rikice.

5/ Ni na fi son "sukuwar zuciya". Sukuwa da gangan ake yin ta, ba ta daɗewa, linzami kuma yana hannun mahayi. Likita na iya cewa: "Baba, za mu sa zuciyarka sukuwa na ɗan lokaci, sannan mu mayar da ita tafiyarta." Dattijo zai gane abin da zai sa wa hannu.

6/ 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da kuka karanci aikin da Faransanci, yaya kuke faɗa wa majinyata?