Makarantar Blackrock ta Dublin a kasar Ayalan, su wa ta yaye?

Mai_tambaya: Salam yan uwa, dan Allah wa yasan fitattun mutanen da sukai karatu a Blackrock College? Ance tun 1860 aka kafata.

Dattijo: Wa'alaikumussalam, ai Éamon de Valera can yayi, a New York aka haifeshi 1882 amma yazo ya zama firaminista, daga baya kuma shugaban kasar Ayalan 1959 har 1973, ya dade wallahi.

Yar_Katsina: Baba ka manta Bob Geldof, shine fa ya hada gangamin wakoki na Live Aid a 1985 dan tarawa yan Habasha kudi lokacin yunwa, ni wannan yafi burgeni.

Dan_kwallo: Akwai Brian O'Driscoll ma, tsohon kyaftin din kasar a wasan rugby.