Ta yaya zan auna cin data na kowane rukuni, ba na kowace wayar intanet (kebul) ba?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana. Ni ke kula da intanet na wani bene mai shaguna a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Na raba mutanen gidan zuwa VLAN uku, wato rukunai uku da aka ware a kan hanyar sadarwa ɗaya: masu POS, kyamarorin tsaro, sai Wi-Fi na kwastomomi. Kullum bayan La'asar intanet ɗin sai ya riƙa jan ƙafa, masu POS su taso ni a gaba, mai gidan kuma tambayarsa ɗaya ce, wa ke shanye datar?

Cacti, wato manhajar da ke zana yawan datar da ke wucewa, nake amfani da shi ta SNMP (hanyar karɓar lissafi daga na'urorin sadarwa), shi kuwa lissafin kowace kafar suwic (akwatin da ake jona wayoyin intanet) yake ba ni. Wayar intanet da ta hau saman benen tana ɗauke da rukunan uku a cakuɗe, ga masu POS a warwatse, wasu ƙasa wasu sama. Zanen ya nuna wayar ta cika maƙil, amma bai ce wane ne ya cika ta ba.

Na kunna NetFlow v5, wato tsarin da ke rubuta inda data ta fito da inda ta je, a rauta (na'urar da ke haɗa mu da intanet), to shi ba ya ɗauko lambar VLAN. Shin in koma sababbin nau'o'insa, wato v9 ko IPFIX, ko in tara lissafin bisa jerin adireshin IP na kowane rukuni? Kwamfutar da zan ɗora wa aikin tsohuwa ce, don Allah a duba min manhaja mara nauyi.