Yashe hafir ko haƙa donki? Masu gogewa ku ba mu shawara

Ɗan Gadarif a Jidda: Assalamu alaikum. Mu 'yan ƙauyenmu da ke aiki a Jidda da Makka mun tara riyal dubu 40. Ƙauyen yana kudu da Gadarif a Sudan, baƙar laka ce, ƙarƙashinta dutse. Hafir ɗinmu, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, ya cike da taɓo, kafin Maris ya ƙafe, sai sayen ruwa wajen masu karo, wato amalanken jaki. Tun kwalarar 2023 hankalinmu bai kwanta ba. Mu yashe shi mu kewaye da waya, ko mu haƙa donki mai sola, wato rijiyar burtsatse mai tanki? Kuɗin ba zai yi duka biyu ba.

Abu Maryam: Wa alaikumus salam. Ku haƙa kawai. Mu a Mai Wurno ba a nisa ake tarar da ruwa.

Ɗan Gadarif a Jidda: Malam, ku ai a bakin kogi kuke. Na ce dutse.

Kawu Mai Riɗi: Ɗana, saurara. Kafin yaƙi mu ma muka yi wannan karo-karo. Mai injin haƙa ya karɓi rabin kuɗi, babu wanda ya auna ƙasa, umda, wato mai gari, shi ya nuna wuri da sanda, kusa da gonarsa. Aka yi ta haƙa har kan injin ya karye. Aka ƙara kuɗi, aka koma gefe, ruwa ya fito, muka yanka sa. Da aka ɗanɗana, gishiri! Ko sabulu ba ya kumfa. Lajna, wato kwamitinmu, ta watse, ni da na riƙe littafin kuɗi har yau ana nuna ni a kasuwa, ƙanwata ta daina gaishe ni. Tankin yana nan, tantabaru ke kwana a kai.

Direban Riyad: Subhanallahi. Nawa kuka kashe, Kawu? An ce mini riyal dubu 25 ya isa har da sola.

Kawu Mai Riɗi: Wanda ya faɗa maka bai taɓa sayen bututu ba. Dubu 60 ma a yau ina shakka.

Abu Maryam: Mu ko dubu 20 ba mu kai ba.

Sarkin Zolaya: Jakunan karo sun ji labarin donki, tun jiya suke alƙunutu.

Inna Hajiya: Ku dai ku yi ta lissafi. A cikinku wa ya taɓa ɗaukar jarka? Hafir ba waya, shanu ciki, yara ciki, mu kuma mu ɗebo mu dafa. Kuma ko ruwan Zamzam kuka kawo, in babu masai banza ne. A lakar nan damina ɗaya ramin yake ruftawa in ba a gina cikinsa ba, sai kowa ya koma bayan gari, ruwan sama ya kwaso ya zuba a hafir.

Direban Riyad: Inna, wannan aikin injiniyoyi ne.

Inna Hajiya: Kai da ka shekara da shekaru kana shan ruwan kwalba ne injiniyan? Yaushe rabonka da gida?

Kawu Mai Riɗi: Ku ji maganarta. Da mun tambayi mata, da sun gaya mana tsohuwar rijiyar wajen ma zartsi ce.

Direban Riyad: To mu da ke waje bakinmu bai da daraja, sai aljihunmu? In za a tara kuɗi a kira mu, in za a yanke shawara a ce ba ma nan.

Abu Maryam: Ni abin da ke ci mini rai turawar ce. Ka ba mutum riyal a nan, ya ce zai saka ta Bankak, manhajar Bankin Khartoum, sai ya riƙe mako biyu, jine, kuɗin Sudan, ya ƙara faɗuwa, a can kuma mai ba da tsaba ya cire nasa.

Sarkin Zolaya: Kafin kuɗin ya isa ƙauye ya fi mutanen ƙauyen jin ƙishirwa.

Direban Riyad: Abu Maryam, naka mako biyu ne? Nawa tun kafin azumi. Ta hannun wa kake turawa yanzu, kuma nawa yake ba ka a riyal?