Kek babu fulawa: kek ne ko alawar cakulan ce?

Maman Nafisa (Liyon): Salamu alaikum 'yan uwa. Ga abin da na gasa jiya da daddare, gato ne, wato kek, na cakulan da maron, ko cokali ɗaya na fulawa babu a ciki. Maƙwabciyata 'yar yankin Ardesh na nan Faransa ce ta koya mini. Gwangwani ɗaya na markaɗaɗɗen maron mai giram 500, cakulan mai ɗaci giram 100, bota giram 100, ƙwai 4. Ki narka cakulan da bota, ki juye maron, ki fasa ƙwai ki juya, ki gasa a digiri 180 kamar minti 30. Ko sukari ban ƙara ba.

Hajiya Mai Kek (Kano): Wa alaikis salam. Sannu da ƙoƙari, Maman Nafisa. Amma ni dai sai na faɗi gaskiya, wannan ba kek ba ne. Ku dubi hoton da kyau, tsakiya ta lotsa, sama ya tsattsage, ciki kuma danƙare kamar ɗanye. Shekara 19 ina gashin kek na biki da suna, in yarinyar da nake koya wa aiki ta fito mini da wannan daga oben sai ta sake. Fulawa ce ke riƙe kek. Aka cire ta, a nemi wani sunan.

Ummi: Anti ki yi haƙuri, mene ne maron ɗin ma tukuna?

Maman Nafisa (Liyon): Ɗan itace ne, ƙanwata. Yana zuwa cikin kwanso mai ƙaya kamar bushiya, in ya fashe sai ki ga 'ya'ya masu ɓawo ruwan ƙasa, girmansu kamar goro. Oktoba da Nuwamba ake tsintarsa. Lokacin sanyi ana gasa shi a bakin titi kamar yadda muke gasa masara a Damagaram, amma sai an tsaga ɓawon da wuƙa, in ba haka ba ya fashe a wuta. Ɗanɗanonsa ya fi kama da gasasshen dankalin Hausa. Na gwangwanin nan wani kamfani ne mai suna Clément Faugier a garin Firiba ya fara yin sa a 1885, daga ɓaraguzan maron ɗin da suke dafawa da sukari. Wadda take nan Turai kuma ta yi hankali, akwai mai kama da shi da ke zuba a wuraren shaƙatawa, maron na Indiya suke ce masa, wannan guba ne, ba a ci.

Malama (Zariya): Hajiya, da girman kujerarki, a nan ban bi ki ba. Aikin fulawa a kek sitacinta ne ya fi yawa, shi yake shanye ruwa ya kumbura ya daskare. Danƙon alkama, wanda ake kira gulutin, burodi ne ke neman sa. Ke da kanki kike hana mu yawan juya kwaɓi bayan an zuba fulawa, kada kek ya yi tauri. To danƙon nan kike gudu. A abin da Maman Nafisa ta gasa, ƙwai huɗu sun daskare da zafi sun yi masa ginshiƙi, sitacin maron ya shanye danshi, man koko na cikin cakulan da bota kuma sun sandare da ya huce. Lotsawar tsakiya ba kuskure ba ne, tururi ne ya ɗaga shi a wuta, da ya fita sai ya koma ya zauna.

Hajiya Mai Kek (Kano): Tsaya Malama. Kin ce sitacin maron?

Malama (Zariya): E. Maron ba kamar gyaɗa ko yazawa ba ne, mansa kaɗan ne ƙwarai, ruwa da sitaci ne suka cika shi. Shi ya sa a tsibirin Kosika ake ce wa itacen "itacen burodi". Mutanen kan duwatsu da alkama ba ta yi musu, busar da shi suke yi su niƙa su tuƙa, kamar tuwo. A Toskana ta Italiya har yanzu ana gasa wani kek mai suna kastanyaco da garinsa, da ruwa da man zaitun da zabibi.

Hajiya Mai Kek (Kano): Alhamdu lillahi, kin dawo kan maganata da ƙafarki. Ashe gari ne, an kore shi ta ƙofa ya dawo ta taga. To me ya sa ake cika mu da "babu fulawa, babu fulawa"? A ce babu alkama mana, mu huta.

Malama (Zariya): Wannan na ba ki. Amma ai da farko cewa kika yi ba kek ba ne sam.

Maman Biyu: Ni ina bayan Maman Nafisa. Masa ma ai babu fulawa kuma tana tashi lafiya lau.

Hajiya Mai Kek (Kano): Shi ya sa sunanta masa. Kin taɓa jin an yanka masa ranar biki ana tafi?

Maman Nafisa (Liyon): Hajiya kin ba ni dariya wallahi. Amma a nan ba sabon abu ba ne. Italiyawa suna da torta kafireze ta tsibirin Kafri, cakulan ne da bota da ƙwai da niƙaƙƙen almon, ba alkama, kuma torta suke ce mata kamar kowane kek. Masu abin ba su sauya masa suna ba, mu ne za mu sauya? Maganar ɗanye kuma, da gangan ake barin tsakiyar da laushi. In kika soka tsinke ya fito fes kamar na kek ɗinku, to kin wuce da shi, ya bushe. Wadda take son ya ɗan yi sakayau, ta ware farin ƙwan ta buga shi ya yi kumfa sannan ta haɗa a hankali, amma shi ya fi ma lotsawa.

Maman Biyu: To ni dai na samu abin da zan yi wa Baba, tunda likita ya hana shi kayan fulawa saboda suga.

Sista (Kaduna): Maman Biyu, don girman Allah kada ki yi. Dama ina karantawa ne ina jiran wadda za ta faɗi haka. Kun ji Maman Nafisa ta ce ba ta ƙara sukari ba, amma ba ta ƙara ba ne don gwangwanin ya riga ya zo da nasa, kusan rabin abin da ke ciki sukari ne. Ragowar kuma maron ne mai sitaci, wanda shi ma suga yake komawa a jini. Ga bota, ga cakulan. Wanda rashin alkamar ke amfana shi ne mai cutar siliyak, wanda gulutin ke lalata wa hanji, kusan mutum 1 cikin 100. Shi ma sai an duba takardar cakulan ɗin an tabbatar ba a gauraya da alkama ba. Baba kam ba ya cikin wannan lissafin.

Maman Biyu: Kai, na gode Sista. Da na yi aika-aika da kyakkyawar niyya.

Ummi: Antoci ina kwananku. Jiya na gwada. Maron dai ba a maganarsa a kasuwarmu, sai na dafa dankalin Hausa na tace a rariya, giram 400, na zuba sukari giram 120, sauran kamar yadda Anti ta rubuta. Ina fito da shi na kife a faranti, ya wargaje, na kusa kuka. Rabin da ya rage a gwangwani na tura firji. Da safe na yanka, wallahi ya yanku sumul kamar sabulu, kuma Yayana ya cinye bai san da dankali ba.

Maman Nafisa (Liyon): Laifina ne, ban faɗa miki ba. Ba a taɓa shi da zafi, sai ya huce sarai, in da hali ya kwana.

Hajiya Mai Kek (Kano): Yawwa, nan nake jiran ku. Malama, man koko a digiri nawa yake narkewa?

Malama (Zariya): Wajen 34. Shi ya sa cakulan ke narkewa a baki.

Hajiya Mai Kek (Kano): To Kano a watan Afrilu muna kai 40. Kek ɗina ana ɗauka tun hantsi a kai wurin biki, a ɗora hawa uku, ya wuni a kan tebur har bayan isha'i yana tsaye. Naku sai an kawo wuta firji ya yi sanyi sannan ya san kansa. A Liyon cikin Disamba, ɗakin girkin ma firji ne. Ni ban ce ba daɗi ba, na san zai yi daɗi, cakulan da bota ne fa. Amma ba zan karɓi kuɗin mutum in rubuta masa kek in kai masa abin da za a ci da cokali ba.

Malama (Zariya): Wannan hujjar sana'a ce Hajiya, ba ta suna ba. Bota ma narkewa take a Afrilu, ba wanda ya ce ta daina zama bota.

Hajiya Mai Kek (Kano): Ni da sana'ar nake ci. Ummi, in za ki sake, ki zuba cokali biyu na fulawa ki gani.

Maman Nafisa (Liyon): Hajiya kada ki yi mini dariya. Yanzu na haɗu da maƙwabciyar tawa a matakala, na ba ta labarin gardamar nan. Ta ce ita ba ta sakawa, amma mahaifiyarta can ƙauye takan barbaɗa cokali ɗaya ko biyu in za a yi tafiya da shi.

Hajiya Mai Kek (Kano): Allahu akbar. Ki gaishe mini da tsohuwar nan da kyau. Ummi, ɗaukar mini hoton saƙon nan kafin ta goge.