Wace kalma za mu sa wa "stall" a Hausa?

Mai Fiffike:
Assalamu alaikum. Ana rubuta bayani da Hausa domin masu son gina jirage a FlightGear, manhajar nan ta kwaikwayon tuƙin jirgin sama da kowa ke iya saukewa kyauta, ya buɗe cikinta ya gyara. An zo babin saita fiffike, sai kalma ɗaya ta cije: "stall". Ga abin da take nufi. Fiffike na ɗaga jirgi ne gwargwadon kusurwar da ya tunkari iska da ita. Kusurwa na ƙaruwa, ɗagawa na ƙaruwa, har a kai wajen digiri 15 ko 16 a ƙaramin jirgi irin Cessna 172. Daga nan iska ta daina bin doron fiffike, ɗagawa ta ragu, hancin jirgi ya faɗi. Kalmar da muke nema dole ta zauna a matsayin suna, ta yi aikatau, kuma a iya ɗora ta a kan gudu, kusurwa da ƙahon gargaɗi. Abin da aka kawo zuwa yanzu uku ne: mutuwar inji, tsayawa cak, da sitol, wato kalmar Turancin kanta da lafazin Hausa. Me kuka gani?

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam. Malam, ta farkon nan a cire ta tun yanzu. A gareji in aka ce mota ta yi "stall", inji ne ya mutu, shi ya sa masu fassara ke ɗauko wannan ma'ana su liƙa wa jirgi. A sama ba haka ba ne. Jirgi marar inji, wanda ake janyowa sama a sake shi yana shawagi, shi ma yana shiga wannan hali. Wanda injinsa ke ihu da totur a ƙure shi ma yana shiga. Jirgin Air France 447 da ya faɗa tekun Atlantika ranar 1 ga Yuni 2009 da mutum 228, injunansa biyu na aiki har ya taɓa ruwa. Hancinsa ne ke sama, kusurwar ta wuce digiri 35. Duk wanda aka koya masa "mutuwar inji" zai kai hannu wajen makunni, alhali maganin shi ne a tura sitiyari gaba a sauke hanci.

Injiniya DNKN:
Gaskiyar Baba ke nan. "Tsayawa cak" ma ba ta yi ba, domin jirgin bai tsaya ba, kuma abin bai rataya ga gudu ba. Cessna 172P mai nauyin laba 2,400 tana shiga halin a gudun not 51 idan filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa don ƙara ɗagawa, na sama kuma fikafikai na daidai. Kwantar da ita digiri 60 a kwana ba tare da ta sauka ba, nauyin da fiffike ke ɗauka ya ninka biyu, gudun ya ninka da 1.41, ya koma wajen not 72. Kusurwar kuwa tana nan yadda take. Not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa, ga mai son lissafi. Don haka kalmar da za ta sa mai karatu ya ɗauka rashin gudu ne, ita ma ta ɓatar da shi.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum jama'a. A wajenmu Nijar da Faransanci ake koyon tuƙi, kuma kalmarsu "décrochage" ce, wato saɓule abu daga maratayi. Ba sa haɗa ta da mutuwar inji. Bisa wannan ina ba da shawarar suɓucewar iska. Ana cewa igiya ta suɓuce masa, kifi ya suɓuce daga hannu. "Iska ta suɓuce wa fiffike" Hausa ce tsantsa, ko yaro zai gane, kuma ita ce ainihin abin da ke faruwa a doron fiffiken.

Malamar Harshe:
Malam na Damagaram, jimlar ta yi daɗi a baki, ba musu. Inda take ba ni wahala shi ne wajen ɗora ta. "Gudun suɓucewar iska" zai sa a zaci gudun iskar ake nufi. Sannan mai aikin a jimlar iska ce, alhali matuƙi da mai gina jirgi duk kan fiffike suke magana: wanne ya riga, na dama ko na hagu, gindinsa ko bakinsa. Ina ganin gazawar fiffike ta fi sauƙin sarrafawa. A Hausa wanda ya gaza ba mutuwa ya yi ba, ba karyewa ya yi ba. An ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ne, in an rage masa ya ci gaba. Fiffike ya gaza, kusurwar gazawa, gudun gazawa, ƙahon gazawa, farfaɗowa daga gazawa. Duk sun zauna.

Tsohon Makaniki:
Malama, tsorona kada a ji "gazawar fiffike" a ɗauka ƙarfe ne ya tsage.

Malamar Harshe:
Baba, wannan muna da kalmominsa: karyewa, tsagewa, ɓallewa. Ba mai ganin katako ya karye ya ce ya gaza. Jaki ne ke gazawa da kaya, a sauke masa buhu ɗaya ya miƙe.

Injiniya DNKN:
Ni ina ganin duka biyun muna bukata, kuma aikin gina jirgin ne zai nuna dalili. Suɓucewar iska tana farawa tun kafin gazawa. A fiffike mai kauri irin na Cessna, mai siffar da ake kira NACA 2412, iska na fara suɓucewa daga gefen baya tun kusurwa na wajen digiri 10 zuwa 12, ta riƙa cin gaba zuwa goshin fiffike. Ɗagawa na ci gaba da ƙaruwa a lokacin, sai dai a hankali. Gazawa ita ce inda ta kai ƙololuwa ta juyo ƙasa. Ɗaya sanadi ce, ɗaya sakamako.

A JSBSim, ɗaya daga cikin injinan lissafin tashi biyu da aka fi amfani da su a FlightGear, wannan duk yana cikin jadawali guda: kusurwa a hagu, ma'aunin ɗagawa CL a dama. Kafin a cika shi a fara gano ƙololuwar daga littafin jirgin. Ɗagawa daidai take da matsin iska sau faɗin fiffike sau CL. A not 51, a iskar bakin teku, matsin laba 8.8 ne a kan kowane murabba'in ƙafa. Faɗin fiffiken 172P murabba'in ƙafa 174 ne. Raba 2,400 da 8.8 sau 174, ka sami kusan 1.57. Da filaf a digiri 30 littafin ya ba da not 46, lissafin ya ba da kusan 1.92. Waɗannan su ne ƙololuwar jadawalinka biyu.

Kurakurai uku ne ke yawan ɓata aiki a nan. Na farko, a tsayar da jadawali a digiri 16. JSBSim ba ya ƙirƙiro abin da ba a rubuta masa ba. In kusurwa ta wuce layin ƙarshe, sai ya riƙe adadin ƙarshen. Sakamakon shi ne jirgi ya rataye a digiri 40 da cikakkiyar ɗagawa, ba ya gazawa har abada. A ja jadawalin har digiri 90, da ɓangaren ƙasa da sifili. Na biyu, a rubuta digiri a jadawalin da ke karanta `aero/alpha-rad`, wanda ke auna kusurwa da radiyan, ba digiri ba. Digiri 16 radiyan 0.28 ne, in ka sa 16, jirgin zai ƙi tashi ko ya yi ta cin titi. Na uku, a kwafo adadin XFOIL, manhajar lissafa ɗagawar siffar fiffike, kai tsaye. XFOIL na lissafa yankin fiffike ne kamar ba shi da baki. Can ɗagawa na hawa kusan 0.11 a kowane digiri, amma a fiffiken gaske mai tsawon ƙafa 36 hawan bai wuce wajen 0.08 ba. Kuma bayan gazawa ba a dogara da shi ko kaɗan.

Mai Fiffike:
Madalla Injiniya. To yaya za a faɗi abin nan na cewa iska ba ta dawowa a kusurwar da ta suɓuce?

Injiniya DNKN:
A nan ne ma kalmomin biyu suka fi amfani. Fiffike ya gaza a digiri 16, amma in ka sauko 15 iskar ba ta kama ba tukuna, sai ka sauko ƙasa sosai. Sai mu ce iska ta suɓuce, iska ta sake kamawa. A JSBSim ana sa iyaka biyu a `hysteresis_limits`. Kusurwa ta haura ta sama, `aero/stall-hyst-norm` ya koma 1; ba ya komawa 0 sai ta sauko ƙasa da ta ƙasa. Jadawalin ɗagawa sai ya zama mai ginshiƙi biyu, na kafin suɓucewa da na bayanta. In ba a yi haka ba jirgin na farfaɗowa da ɗan sassauta sitiyari kawai, mai koyo ya saba da abin da jirgin gaske ba zai yafe masa ba.

Kada kuma a manta da sauran jadawalai. Turjiyar iska dole ta yi tsalle bayan gazawa. Jadawalin karkatar hanci dole ya tura hanci ƙasa. Sannan ƙarfin da ke hana jirgi mirginawa gefe yana juyewa bayan gazawa: fiffiken da ke sauka kusurwarsa ta fi girma, ya ƙara gazawa, ya ƙara sauka. Daga nan jirgi ke shiga juyi yana faɗowa. JSBSim na kallon jirgi a dunƙule ne, ba zai kawo wannan da kansa ba sai ka rubuta, ko ka lissafa kusurwar fiffiken dama da na hagu daban-daban.

Ɗan Damagaram:
Na yarda da rabon: suɓucewa ga iska, gazawa ga fiffike. Ga masu YASim, ɗaya injin lissafin tashin na FlightGear, aikin ya fi gajarta, domin shi siffar jirgi kake ba shi ya lissafa sauran. Kowane fiffike na da layin `stall` mai abu uku. `aoa` ita ce kusurwar gazawa. `width` faɗin gangaren ne da digiri: ƙarami ya sa gazawa ta zo farat ɗaya, babba ya sa ta zo da laushi. `peak` yawanci ana barinsa a 1.5. Abin lura shi ne kusurwar da ka rubuta a sashen `approach`, wato yanayin sauka, ta kasance ƙasa da ta gazawa da 'yan digirori. In ta matso kusa, mai warware lissafin YASim ya ƙi daidaituwa, ko ya ba ka jirgi mai ɗagawar da ba ta da ma'ana. Wutsiya kuma a ba ta kusurwar gazawa da ta fi ta babban fiffike, domin in ita ta riga gazawa babu abin da zai sauke hanci.

Akwai kuma `twist`, murɗin fiffike. Ana sa shi ƙasa da sifili domin bakin fiffike ya tunkari iska da kusurwa ƙarama fiye da gindinsa. Gindi ya riga gazawa, jirgi ya yi karkarwa ya gargaɗi matuƙi, baki kuwa inda eleron yake, wato ɓangaren da ke karkatar da jirgi dama ko hagu, yana nan da iska. In aka bar shi a sifili a fiffike mai tsukewa, sai a sami gazawar baki, jirgi ya kife gefe ɗaya ba sallama. Kun ga "gazawar baki" da "gazawar gindi" sun fito da kansu.

Tsohon Makaniki:
To na sauko. Har ma ta warware mini wata. A injin jet akwai abin da suke kira "compressor stall", kuma ruwan fankar da ke matsa iska ƙananan fikafikai ne, su ne ke gazawa. Sai a ce gazawar fankar matsi, a bar mutuwar inji ga injin da ya ɗauke da gaske. Ƙahon gazawa na Cessna 172 kuwa ba lantarki ba ne. Ƙaramar kafa ce a goshin fiffiken hagu. Kusurwa na ƙaruwa, iska ta fara zuƙa ta kafar, wani ɗan harshe ya yi kuka kamar na algaita, not 5 zuwa 10 kafin gazawa. A manhaja a ɗaure sautin da kusurwa, kada a ɗaure shi da gudu, in ba haka ba zai yi shiru a kwana mai tsanani inda aka fi bukatarsa.

Malamar Harshe:
Saura "sitol". Kada a kore ta. Turanci ne harshen aiki a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya da cikin jirage, kuma kalmar ce manyan jirage ke furtawa da murya idan suna gargaɗi. A farkon babi a rubuta sau ɗaya cewa gazawar fiffike ita ce matuƙan jirgi ke kira sitol, daga nan a ci gaba da Hausa. Abu ɗaya zan roƙa: kada a taƙaita ta zuwa "jirgi ya gaza". Wannan zai koma ma'anar lalacewa. Fiffike ne ke gazawa, a bar shi a jimlar.

Mai Fiffike:
An karɓa, Malama. Za a sa gazawar fiffike, da suɓucewar iska a matsayin sanadinta. Injiniya, a ba mu yadda za a gwada a ƙarshen babin.

Injiniya DNKN:
A cika nauyi zuwa laba 2,400, a hau ƙafa 3,000 sama da ƙasa, a mayar da totur baya gaba ɗaya, a riƙa rage gudu not ɗaya a kowace daƙiƙa, ba sauri ba, domin fizgar sitiyari na kawo gazawa da wuri. A buɗe tagar manhaja da ke nuna alƙaluman jirgi a sa ido kan `/orientation/alpha-deg` da `/velocities/airspeed-kt`. Hanci ya faɗi a wajen not 51. Agogon gudu na cikin jirgi kuwa ya kamata ya nuna wajen 44, domin a babbar kusurwa bututun awo ba ya fuskantar iska sosai. In agogonka ya nuna 51 daidai, ba ka sa wannan kuskuren awo ba tukuna. A maimaita da filaf 30, a nemi 46 da 33.

Gwaji na ƙarshe a yi shi a filin Kano, wanda ke kusan ƙafa 1,560 sama da teku, a saita zafi digiri 40 irin na watan Afrilu. Iskar ta yi sirantar ta ƙafa 5,000. Agogo zai nuna gudun gazawa ɗaya da na da, amma ainihin gudun jirgin cikin iska ya kai wajen not 55, titin da zai ci wajen tashi da sauka ya ƙaru. In adadin agogon ya canza tsakanin gwajin biyu, a koma fayil a duba, akwai inda aka ɗaure ɗagawa da ainihin gudu maimakon matsin iska, wato `aero/qbar-psf`.