Me za mu kira perikadiyom da Hausa?

Jama'a, a taya ni neman kalma. Akwai wata siririyar fata mai ruɓi biyu da ta lulluɓe zuciya, da ɗan ruwa a tsakani don zuciya ta riƙa bugawa ba tare da guga ba. Likitoci na kiranta perikadiyom. Akan haifi mutum babu ita, ko da rabinta, kuma galibi ɓangaren hagu ne ke ɓacewa. Tun 1559 Realdo Colombo, masanin sassan jiki a Italiya, ya ba da labarin haka, amma har yau yawancin waɗanda aka haifa haka lafiyarsu ƙalau, sai an ɗauki hoto don wani ciwo daban a gano.

Wani ya ce "tantanin zuciya". Ban ƙi ba, sai dai cikin zuciyar ma akwai nasa tantanin, za a rikice. Wani ya kawo "kube". Ya yi daɗin faɗi, amma kube na wuƙa ne, bakinsa a buɗe yake.

Ni dai "jakar zuciya" na zaɓa, saboda hoton wanda aka haifa babu ita abin da yake nunawa ke nan: zuciya ba abin da ya riƙe ta. A eksiren ƙirji za ka ga zuciya ta zame can hagu, alhali maƙogwaro na nan tsakiya bai motsa ba. A eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, mai ɗaukar hoton zai yi ta lalube a inda ya saba, sai ya zagaya wajen hamata ya same ta tana lilo. Jakar kanta kaurinta bai cika wuce milimita 2 ba, don haka siti sikan ko MRI, na'urorin da ke ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla, ake nema, inda ake ganin huhu ya kutsa tsakanin manyan jijiyoyin nan biyu da ke fita daga zuciya, wurin da ba nasa ba.

Kalma ɗaya ba za ta ishe mu ba. In babu ita gaba ɗaya, "rashin jakar zuciya". In rami ne a jikinta, "giɓin jakar zuciya". Wannan na biyun ne abin tsoro, domin wani sashe na zuciya kan iya leƙowa ta giɓin ya maƙale, ko bakin giɓin ya danne jijiyar da ke ciyar da zuciya, har ta kai ga tiyata.

Mahauta da ke nan, me kuke kiranta in kun feɗe rago?